Muryar Jibo a Kwamfutar Saja

Shagon Saja Philip ɗaki ɗaya ne a bayan tashar mota. Kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, benci, da janareto da ake ɗaure shi da sarƙa a jikin ƙofa. Saja tsohon soja ne, da ya ajiye kaki ya buɗe shagon, amma ko kunna kwamfutar bai iya ba. Ni ke zama a gabanta tun da na gama sakandare sakamako bai kai ni ko'ina ba. Ina buga takardar neman aiki, katin biki, da takardun fansho na tsofaffin sojoji, waɗanda a Zuru ba sa ƙarewa.

Wana Jibo ma soja ne. Shekara uku ke nan da ya rasu a Sudan. Zazzaɓi, aka ce. Can aka rufe shi. Abin da ya iso gida Dabai akwati ne da bargo da takalma.

Da kaset.

Kaset ɗin ya riga akwatin zuwa da wata biyu. Haka sojojinmu ke yi: uwa ba ta karatu, don haka ba a rubuta mata wasiƙa. Mutum ya zauna gaban rikoda ya yi magana, ya ba wanda zai zo hutu ya kawo. Jibo ya yi minti goma sha ɗaya, rabi da Hausa rabi da yarenmu Dakarci. Ya gaida kowa da suna. Ya tambayi akuyar da ke cin sabulu. Ya ce a faɗa mini in daina ɓata rai kamar mai ciwon haƙori. Ya yi dariya, wani a bayansa ya ce lokacin fareti ya yi, sai ƙarar maɓalli.

Inna ta saurare shi har rikoda ta fara tauna zaren. Monica ce ta cece shi. Ita ke buga takardu a shagon kafin ni, ita ta koya mini aikin. Ta liƙa zaren da jan farce, ta haɗa rikoda da kwamfuta da wata igiya, ta juye muryar ciki. Ta nuna mini wani ɗan hoto a fuskar kwamfutar, an rubuta JIBO a ƙasansa.

"Nan za ka danna sau biyu. Ko kai ba za ka ɓata ba."

Bayan sati biyu rikoda ta cinye zaren gaba ɗaya, ta yi gutsi-gutsi da shi. Inna ta yi kuka. Na ce mata ta share hawaye, kwamfuta ba ta mantuwa. Ni na faɗi haka da bakina.

Daga nan duk ranar kasuwa, in ta sayar da ƙuli-ƙulinta, sai ta biyo ta shago. Ta cire takalmi a ƙofa, ko da yake ba wanda ke cirewa. Ta zauna a benci. Saja ya kashe rediyonsa ya fita waje. In danna. Minti goma sha ɗaya, sannan ta ɗauki kwanonta ta tafi neman motar Dabai. Monica ta tafi makarantar jinya a Kaduna, abin bai canza ba.

A farkon damina aka buɗe wani shago a tsallaken titi. Kwamfutarsu sabuwa, fuskarta na sheƙi kamar ruwa. 'Yan makaranta suka koma can. Saja ya zauna a ƙofa yana ƙirga masu shiga da ido.

"Rikirut," haka yake kirana, "me suke da shi da ba mu da shi?"

"Sabon windo."

"Taga?"

"Tsarin da kwamfuta ke tafiya a kai. Namu tsoho ne."

"To ka sabunta mana. Ko sai an kawo oda daga hedikwata?"

Mubarak, abokina tun aji ɗaya, yana karatun kwamfuta a Birnin Kebbi. Ya zo hutu da faifai a jaka, an rubuta suna a kai da alƙalamin allo. Ya dubi injinmu ya taɓe baki.

"Wannan tsohuwar ba lallai ta ɗauka ba."

"Za ta ɗauka."

"Ni dai na faɗa maka."

Na ji shi. Amma ina son mutanen tsallake su leƙo su gani. Muka ɗora sabon a kan tsohon, ba mu goge komai ba. Ya ci wuni guda da galan ɗin mai. Da ta buɗe, ga kyau. Tagogi kamar gilashi, agogo mai zagaye a gefe. Saja ya sara mata.

Washegari na kunna ta da safe, na share shago, na je na sayo koko na dawo, ba ta gama tashi ba. In danna abu, sai wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. In buga layi guda, haruffan su biyo baya ɗaya-ɗaya kamar an tilasta su. Wani tsohon kofur mai jiran takardar fansho ya gyara zama a benci.

"Ɗana, in ta daɗe haka, ka mai da ita takardar gado kawai. Ka sa sunan babban ɗana."

Aka yi dariya. Ban yi ba.

Ranar kasuwa Inna ta zo. Na danna JIBO. Zoben ya juya, ya juya. Sai muryar ta fito.

"Sa-sa-sa-salamu al... al... alaikum. In-in-inna..."

Tana yankewa, tana maimaita kanta, wani wuri ta ja kamar gurnani. Inna ta miƙe daga benci ta matso kusa da sifika.

"Mi ya same shi?"

"Injin ne, Inna. Ya yi nauyi."

"Ba shi da lahiya?"

"Injin, ba Jibo ba."

Ta dube ni kamar na faɗi abin da ba shi da ma'ana. Ta koma ta zauna. Ta saurara har ƙarshe, kusan rabin awa, hannunta a haɓa. Da za ta tafi ta ce, "Ka gyara mini shi."

Na ce to.

Na fara da abin da na sani. Na kashe kwalliyar, gilashin da agogon, duk abin da na yi wahalar don shi. Ta ɗan motsa, ba yawa. Na cire abubuwan da ke tashi tare da ita in an kunna. Na goge wasannin da 'yan makaranta suka cika ta da su. Na sa maganin bairos, cutar kwamfuta, ya bincika, ya yi wuni biyu yana tafiya, ya kama uku, na kashe su, nauyin yana nan. Na kwance murfin akwatin kwamfutar, na aro famfon keke a wurin mai faci na hure cikinta. Yanar gizo ta fito, da busasshiyar tsaka.

Saja ya ɗaga tsakar da wutsiya. "Ga ɓarawon! Na san akwai ɗan leƙen asiri."

Ba ita ba ce.

Kasuwa ta biyu Inna ta zo. Haka ta ji shi, yana karkarwa. Sai da ta sa takalmi ta ce, "Har yanzu?"

Mubarak ya koma makaranta. Na kira shi daga wurin mai waya a bakin tasha. Ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta yi kaɗan, ram, wani ɗan falle ne da ake soka wa a ciki. In ƙara mata. Saja ya yi tsaki ya ba ni kuɗin mota. Na je Kontagora, na zaga shago huɗu, na samo. Na dawo da yamma jikina duk ciwon hanya. Na buɗe akwatin. Tsagar da ke jikin fallen ba ta dace da ramin ba. Na juya shi, na sake juyawa. Irin namu an daina yi.

"A daji mun taɓa jiran mota kwana tara," in ji Saja. "Ta zo. Wannan kuwa, rikirut, ban ga alama ba."

Kasuwa ta uku. Inna ta saurara rabi, ta ɗaga hannu.

"Kashe. Shina wahala."

Na kashe. Ta ɗauki kwanonta. Ban taɓa ganin ta tafi kafin ƙarar maɓallin nan ba.

Na sake kiran Mubarak.

"Ba laifin windo ba ne," ya ce. "Ka ɗora wa jaki kayan tirela. Abu ɗaya ya rage. Ka yi mata fomat, ka goge komai tas, ka mai da tsohon."

"Komai?"

"Komai. Abin da kake so ka kwashe a fulash tukuna. Ka ji ko? Tukuna."

Saja yana da fulash, ɗan ƙarami shuɗi, yana rataye da makullinsa. Na soka. Abu na farko da na ja na jefa ciki JIBO ne. Ya shiga nan take. Sati uku ba abin da ya yi sauri a injin nan sai wannan, har na ce alhamdulillahi. Na kwashe takardun fansho, da katunan biki, da hoton tambarin cocin su Saja. Na ga wata jaka a cikin kwamfutar mai sunan Monica, na buɗe, waƙoƙin kwayar coci ne jere har ƙasa, masu nauyi, fulash ba zai ɗauka ba. Na bar ta.

Ban yi ganganci ba. Ina so a san wannan. Na buɗe fulash ɗin na danna JIBO na ciki, ya yi magana. Na cire, na sake sokawa, na danna, ya yi magana. Har na kira Saja ya ji.

"Yana nan?"

"Yana nan."

"To harba."

Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata.

Kafin la'asar tsohon tsari ya dawo, da hotonsa na koren tudu da shuɗin sama. Na danna, ta buɗe. Na buga, haruffa suka bi yatsuna. Saja ya sayo lemo biyu. Kwana biyu ina biyan aikin da ya taru, tsofaffin sojoji suna shiga suna fita suna sa mini albarka. Sai ranar jajibirin kasuwa na ce bari in mai da Jibo wurinsa, gobe Inna na zuwa.

Na ja shi daga fulash na ajiye a fuska. Na danna sau biyu.

Wani ɗan akwati ya fito da Turanci. Abin da kake nema ba ya nan, an matsar da shi ko an goge.

Na sake. Na danna na cikin fulash. Na kashe na kunna. Akwatin nan dai.

Na fita ban rufe shago ba. Lambar Monica tana rubuce a bayan kalanda, na yage wurin na tafi da shi. Sai a kira na uku ta ɗauka.

"Zakiyyu! Ka tuna da mu? Ya Saja, yana nan yana ba mutane oda?"

Na faɗa mata. Dariyar ta tsaya.

"Wanne ka kwafa?"

"JIBO. Na kan fuska."

"Tsaya. A gindin hoton, ta hagu, akwai wata 'yar kibiya?"

Kullum ina ganin ta. Na zaci ado ce.

"Akwai."

Sai ƙarar motocin Kaduna nake ji a wayar.

"Monica."

"Wannan ba shi ba ne, Zakiyyu. Alama ce kawai. Kamar allon bakin hanya da aka rubuta Dabai. Ka ciro allon ka sa a jaka, garin kuma..."

"Amma ya yi magana. Daga fulash. Sau uku."

"Domin a lokacin yana cikin injin. Allon ya nuna, injin ya je ya ɗauko."

"Ina ainihin yake?"

"A jakata. Cikin waƙoƙi, can ƙasa. Na ɓoye shi ne don kada 'yan makaranta su goge. Na ce zan nuna maka. Wallahi na ce zan nuna maka kafin in tafi."

Mai waya yana kallon agogonsa. Na ce mata ba komai. Na ajiye.

Mubarak ya ce akwai hanyar tono abin da aka goge, in ba a rubuta wani abu a kai ba. Ya tambayi me na yi bayan fomat. Na ce na ɗora windo, na yi aiki kwana biyu. Ya ce, "Kai." Duk da haka ya kwatanta mini wani shago a Kontagora mai faifan da ke wannan aikin. Na ce wa Saja ya faɗa wa Inna an aike ni. Na cire kwanon ajiyar injin na naɗe a riga, na hau motar farko. Mai shagon ya haɗa shi da tasa kwamfutar, muka zauna har azahar. Abin da ya fito: rabin katin bikin wasu, takardar wani kofur da ba ta da kai, da daƙiƙa huɗu na mata suna waƙar coci.

"Ka yi haƙuri," ya ce. "Wani abu ne mai muhimmanci?"

Na naɗe kayana.

Sati guda ban je Dabai ba. Saja ya daina kirana rikirut. Ranar kasuwa da ta zagayo ya ce, "In faɗa mata? Na sha kai irin wannan saƙo gidaje."

"Ni zan faɗa."

Ta zo bayan azahar. Ta cire takalmi. Ta miƙa wa Saja ƙullin ƙuli-ƙuli, ya karɓa da hannu biyu, ya fita ya tsallaka titi har can gindin mangwaro. Ta zauna, ta dubi kwamfutar.

"An ce ta warke."

"Ta warke."

"To sa mini."

Na durƙusa a gabanta. Tun ina firamare rabon da in yi haka.

"Inna, na goge shi."

"Ka goge mi?"

"Muryar. Garin gyara. Na zaci na ajiye, ashe ban ajiye ba."

Ta leƙa ta kafaɗata. Ba ta karatu, amma ta san siffar haruffa huɗun nan.

"Ga shi can."

"Sunan ne kawai. Ba komai a ciki."

"Danna."

Na tashi na danna. Akwatin ya fito, da sauri, ko ƙiftawa ba a yi ba.

"Mi ta ce?"

"Ta ce ba ya nan."

"Ina ya tahi?"

Har yau ban sani ba.

Na jira ta zage ni. Na so ta zage ni. Na so ta tuna mini abin da na ce ranar da rikoda ta cinye zaren. Ta dubi tafin hannunta, ta juya shi. Wani ɗan kabu-kabu ya leƙo da takarda, ya ga fuskokinmu, ya koma.

"Monica ba ta da wani?"

"Ba ta da."

"Wanga da ya kawo kaset, abokin nashi?"

"Ɗaya ne aka yi, Inna."

"To."

Ta gyara ɗaurin zaninta. Ta ɗauki kwano. A ƙofa ta tsaya tana neman takalmi da ƙafa, ɗaya ya kife, na sunkuya na gyara mata.

"Ka rame," ta ce. "Kana cin abinci?"

Na raka ta tasha. Ta shiga mota ta zauna ta taga, ta ɗora kwanon a cinya, tana kallon gaba.

Shagon tsallake bai rufe ba, mu ma ba mu rufe ba. Kwamfutar tana gudu. Saja ya ce in cire hoton daga fuska, na ce to, ban cire ba, shi ma bai sake magana ba. Monica ta aiko da wasiƙa shafi uku, na karanta ɗaya. Ranar kasuwa Inna takan aiko da ƙuli-ƙuli ta hannun maƙwabciya. Ita ba ta biyowa.

Da aka cire gyaɗa na je gida taya ta. Muna zaune a inuwar rumbu da hantsi, tana ɓarewa ina ɓarewa, kaji na zagaye mu. Mun daɗe. Sai ta ce, ba ta ɗago ba:

"Zakiyyu."

"Na'am."

"Jibo ba ya in'ina ko?"

"Ba ya yi, Inna. Ko kaɗan."

"Haka na sani." Ta jefa ɓawo gefe. "To mi ya sa yanzu in na tuna shi sai in ji shina yi?"

Na buɗe baki in ce mata ga yadda yake faɗin sunanta, a miƙe, da ƙarfi, tun daga ƙofar gida. Na nemo shi a kaina. Na rufe ido na nema sosai. Abin da ya zo shi ne In-in-inna.

Ta jira ni. Sannan ta turo mini wani tulin gyaɗar da gefen hannu.